Yadda ake gano tauraro na uku a bayan tagwayen taurari masu yi wa juna husufi

Taurari da yawa da ido ke gani tamkar ɗigo guda, a zahiri biyu ne suna zagaya juna. Idan hanyar zagayensu ta daidaita da inda muke kallo, kowane zagaye ɗayan zai gifta ta gaban ɗan'uwansa ya tare haskensa, sai a ga tauraron ya dusashe na 'yan sa'o'i sannan ya dawo. Wannan husufin yana maimaituwa a kan kari kamar bugun agogo. Duk aikin da za a bayyana a nan ya rataya ne a kan wannan agogon: idan ya riƙa yin gaba yana yin baya bisa wani tsari, to akwai abin da ke jan tagwayen, kuma sau da yawa tauraro na uku ne da ba a ganinsa.

Neman na ukun ba harbin iska ba ne. A shekarar 2006 Andrei Tokovinin da abokan aikinsa sun bincika tagwayen taurari irin Rana, suka samu cewa cikin waɗanda ke kammala zagaye a ƙasa da kwana 3, kusan kashi 96 cikin 100 suna da abokin zama na uku, alhali a masu zagayen da ya haura kwana 12 adadin ya sauko zuwa kashi 34. Bayanin da aka fi karɓa shi ne na ukun ne ke matse su: jansa yana karkata zagayen na ciki yana miƙar da shi har taurarin su riƙa kusantar juna sosai, daga nan jan da suke yi wa jikin juna ya cinye ƙarfin zagayen ya gajarta shi. Wannan karkatarwar ita ake kira tasirin Kozai da Lidov, tun daga ayyukansu na 1962.

Fara da ido kafin na'ura

Algol, a rukunin Perseus, shi ne makarantar kowa. Sunan daga Larabci yake, ra'asul gul, wato kan dodo. Kowane kwana 2 da sa'a 20 da minti 49 haskensa yana faɗuwa daga 2.1 zuwa 3.4 a ma'aunin magnitud (a wannan ma'auni, ƙaramar lamba ita ce haske mai yawa), kuma husufin yana cin kimanin sa'a 10 daga farawa zuwa ƙarewa. John Goodricke ya auna wannan zagayen a 1783 da ido kawai. Ka kwatanta Algol da Almak, mai haske 2.1, da Epsilon Persei, mai 2.9, ka rubuta ƙiyasinka da lokaci kowane minti 15. Dare ɗaya ya isa ka ga siffar husufi da idonka. Algol kansa uku ne: babban mai nauyin Rana kusan 3.2, abokinsa mai 0.7, da na uku mai kusan 1.8 da ke kewaye su cikin kwana 680.

Lambda Tauri, kudu da Kaza da 'Ya'yanta, shi ma uku ne: zagayen na ciki kwana 3.95, na waje kwana 33. Yana wucewa kusan daidai tsakiyar ka ga wanda yake Kano ko Zariya a daren Disamba. Sai dai ido ba zai nuna maka na ukun ba a ko wanne cikinsu. Jinkirin da ake nema mintuna ne ko sakan-sakan, ƙiyasin ido kuwa yana iya kaucewa da minti 10 ko fiye.

Zaɓen tauraro da samo bayanai

Hanya biyu ce, kuma gwanaye suna haɗa su. Ta farko ita ce taskar MAST, inda bayanan Kepler da TESS, na'urorin hangen taurari da aka harba sararin samaniya, suke kyauta. Kepler, da aka harba a 2009, ya kafa ido a fili ɗaya na sama shekara 4, ya ba da tagwaye masu husufi sama da 2,800. TESS, tun 2018, yana kallon kowane yanki kimanin kwana 27 sannan ya matsa. Da manhajar Lightkurve a harshen Python za ka sauke zanen hasken tauraro, wato jerin haskensa bisa lokaci, cikin layuka kaɗan. Ta biyu ita ce naka madubin hangen nesa. Mai faɗin santimita 20 da kyamarar CMOS da tacen V (gilashin da ke barin hasken kore-rawaya kaɗai ya wuce) ya ishi taurari masu haske tsakanin magnitud 9 da 13.

Ka zaɓi wanda husufinsa ke da zurfi, akalla magnitud 0.3, mai gangara da kaifi, mai zagayen kwana 1 zuwa 5. Taurarin da suka manne da juna, irin W Ursae Majoris, suna da sauƙin kallo domin zagayensu bai kai kwana ɗaya ba, amma tabon da ke fuskarsu yana gurɓata lokacin husufi har ya ruɗi mai bincike. Kafin ka ɓata dare ko ɗaya, duba kundin VSX na AAVSO, ƙungiyar masu lura da taurari masu canza haske, don sanin zagayen, ka kuma duba taskar O-C Gateway ta masu nazarin taurari na ƙasar Cek don ganin tsofaffin lokutan husufi. Tauraron da ke da tarihin shekara 50 ya fi sabon da aka gano jiya amfani nesa ba kusa ba.

Daren aiki

Ka fara ɗaukar hoto akalla sa'a ɗaya da rabi kafin tsakiyar husufi, ka ci gaba har daidai wannan tsawon bayanta. Gangara da hawa dole su samu wakilci daidai. Idan gajimare ya katse maka hawan, lokacin da za ka fitar zai karkata, gara ka yar da shi. Kada tauraron ya sauka ƙasa da digiri 30 daga bakin sama. Tsawon kowane hoto sakan 30 zuwa 90, ka tabbata hasken bai cika fiksel ba. Ka tsaya wajen rabin iyakar kyamara. Ɓata saitin madubin kaɗan don hasken ya bazu a fiksel da yawa yana rage hayaniya, in dai babu wani tauraro dab da shi.

Ka ɗauki hotunan duhu (madubi a rufe) masu tsawo da zafi ɗaya da na aikin, da hotunan farin fili (fili mai haske bai ɗaya) akalla 20, don cire lahanin kyamara da ƙura daga hotunanka. A lokacin hazon hunturu ƙura tana sauka a kan madubi kullum, don haka farin filin makon jiya ba zai yi aikin yau ba. Hazo mai laushi da ya game sama bai hana aiki, tunda ana auna tauraron ne da maƙwabtansa a hoto ɗaya, amma ƙura ta fi cin shuɗin haske, saboda haka taurarin kwatance su kasance masu launi kusa da na wanda kake aunawa. Uku zuwa biyar sun isa. Manhajar AstroImageJ za ta yi maka awon ta kuma nuna idan ɗaya daga cikin na kwatancen shi ma yana canzawa.

Agogo, inda mafi yawan aiki ke lalacewa

A nan ya kamata a zauna sosai. Haske yana cin sakan 499 daga Rana zuwa Duniya. Tunda Duniya tana kewaya Rana, husufi ɗaya zai iya iso mana da wuri ko a makare da kusan minti 8.3 gwargwadon watan da ake ciki. Idan ba a cire wannan ba, za ka ga kyakkyawan lilo mai tsawon shekara guda a sakamakonka, ka ɗauka ka gano tauraro, alhali Duniyar da kake tsaye a kanta ka gano. Duk lilon da zagayensa ya yi kusa da kwana 365, ka fara zargin kanka.

Maganin shi ne mayar da kowane lokaci zuwa BJD, wato lokacin da hasken zai isa cibiyar nauyin dangin Rana, a ma'aunin TDB, agogon masu nazarin taurari da ba ya tsalle. Tsofaffin rahotanni suna amfani da HJD, wanda ke auna daga tsakiyar Rana; bambancinsu bai wuce sakan 4 ba, amma bambancin UTC (agogon duniya) da TDB yanzu ya kai sakan 69, kuma ya canza cikin shekaru saboda sakan ɗin da ake ƙarawa agogon duniya. Haɗa lokutan HJD na UTC da na BJD na TDB ba tare da gyara ba yana haifar da tsalle na fiye da minti ɗaya. Manhajar Astropy tana yin wannan juyin idan ka ba ta wurin da kake da matsayin tauraron.

Sauran tarkunan ƙanana ne amma suna kama mutane kullum. Agogon kwamfuta ya daidaita da intanet ko GPS kafin a fara. Lokacin Najeriya da Nijar yana gaban UTC da sa'a ɗaya. Ranar Juliyan, ƙidayar kwanakin da BJD da HJD ke bi, tana farawa ne da tsakar rana, ba tsakar dare ba. Wasu kyamarori suna rubuta lokacin buɗe ido, abin da ake so kuwa tsakiyar ɗaukar hoton ne. A hoton sakan 60 wannan kuskuren sakan 30 ne a kowane awo. Lokutan bayanan TESS an cire musu 2457000 daga lambar Ranar Juliyan, na Kepler an cire 2454833, sai ka mayar kafin ka haɗa su da naka.

Don fitar da tsakiyar husufi, hanyar Kwee da van Woerden ta 1956 har yanzu tana aiki: ana naɗe gangara a kan hawa a nemi lokacin da suka fi dacewa. Aibinta shi ne tana ba da ƙiyasin kuskure ƙarami fiye da gaskiya. Abin da ya fi shi ne ka gina siffa guda ta husufin daga dukan bayananka, sannan ka riƙa zamar da ita a kan kowane husufi, lokaci kaɗai ke canzawa. Da kayan gida masu kyau, kuskuren sakan 10 zuwa 30 abin samu ne.

Zanen O−C da yadda ake karanta shi

Lissafin mai sauƙi ne. Lokacin da ake tsammani shi ne T0 + P × E, inda T0 husufin farawa ne, P tsawon zagaye, E kuma adadin zagayen da suka wuce. O shi ne lokacin da ka gani, C wanda ka lissafa. Ka zana bambancinsu bisa E. Ƙaramin husufi, wanda ke zuwa a tsakiyar zagaye lokacin da taurarin suka sauya matsayi na baya ya dawo gaba, ana ba shi E da rabi, kuma a zana shi da launi daban. Wannan rabuwar launi tana da muhimmanci ƙwarai, za ka ga dalili.

Miƙaƙƙen layi mai gangara yana nufin P ɗinka ne bai daidaita ba; kuskuren kwana 0.00001 yana taruwa ya zama minti 14 bayan zagaye 1,000. Layi mai lanƙwasa kamar ƙwarya yana nuna zagayen yana ƙaruwa ko raguwa a kai a kai, galibi saboda ɗayan yana zuba wa ɗayan iskar jikinsa, kamar Beta Lyrae da zagayensa ke ƙaruwa da kusan sakan 19 duk shekara. Tsalle mai girman P ɗaya ko rabinsa kuskuren ƙidayar E ne. Lilo mai hawa da sauka shi ne abin nema.

Dalilin lilon shi ne tagwayen suna kewaya cibiyar nauyin da suka haɗa da na ukun. In suna ɓangaren da ya fi kusa da mu husufi ya zo da wuri, in suna can baya ya makara. Dabarar da Ole Rømer ya yi amfani da ita a 1676 da watan Io na Jupita ke nan, kuma John Irwin ya tsara lissafinta ga tagwayen taurari a 1952. Idan zagayen waje da'ira ne, lilon santsi ne. Idan miƙaƙƙe ne, ɓangare ɗaya zai yi kaifi.

Ga misali da lambobin koyo. A ce lilon yana kaiwa sakan 250 sama da ƙasa, yana maimaituwa duk shekara 2. Raba 250 da 499, ka samu 0.5: tagwayen suna matsowa da komawa da rabin tazarar Duniya da Rana. Ninka 0.5 sau uku a kanta, 0.125, ka raba da 2 × 2, ka samu 0.031. Wannan lambar daidai take da (m3 × sin i)³ a raba da (m1 + m2 + m3)², inda m1 da m2 nauyin tagwayen ne, m3 na ukun, i kuma karkatar zagayen waje, da nauyin Rana a matsayin ma'auni. Idan tagwayen a haɗe nauyinsu 2.5 ne kuma zagayen waje yana kwance daidai da kallonmu, na ukun zai kai 0.68. Idan karkatar digiri 60 ce, 0.81. Idan 30 ce, kusan 1.6. Don haka lambar farko mafi ƙanƙantar nauyi ce kawai, kuma haka za a rubuta ta a rahoto.

Idan na ukun yana kusa sosai, zagayensa watanni ne ko makonni, lissafin nan shi kaɗai ba ya wadatarwa. Jansa yana taɓa zagayen na ciki kai tsaye, yana hanzarta shi yana jinkirta shi, kuma wannan tasirin yana iya fin na tafiyar haske girma. Tamás Borkovits da abokan aikinsa sun haɗa tasirin biyu a nazarin bayanan Kepler na 2016, suka fitar da taurari 222 da ake kyautata zaton uku-uku ne. Wanda ya yi amfani da lissafin Irwin kaɗai a irin wannan zai fitar da nauyin da ya wuce hankali.

Masu shigar burtu

Kafin ka ce ka ga na uku, ka kori abubuwa uku.

Na farko juyawar doguwar kusurwar zagaye. Idan zagayen na ciki ba cikakkiyar da'ira ba ne, kusurwarsa tana juyawa sannu a hankali, sai babban husufi da ƙarami su yi lilo a saɓa: wannan na hawa, wancan na sauka. Tauraro na uku kuwa yana jan su tare, layukan biyu su tafi hannu da hannu. Amfanin launi biyun ke nan.

Na biyu tabon fuskar tauraro. Yana ɓata siffar husufin ya kautar da tsakiyarsa da sakan goma-goma har zuwa 'yan mintuna, shi ma sau da yawa a saɓa. Ɗaukar matsakaicin babban husufi da ƙarami yana share mafi yawansa.

Na uku shi ne mafi wuyar kora: abin da James Applegate ya bayyana a 1992. Tauraro mai ƙarfin maganaɗisu yana canza siffar jikinsa kaɗan cikin zagayen shekaru, wannan kuma ya taɓa tsawon zagayen tagwayen. Lilonsa ba ya maimaita kansa daidai, tsayi da tsawo suna bambanta daga wani zagaye zuwa wani. Saboda haka lilon da bai cika zagaye biyu ba, zato ne kawai. An sha wallafa taurari, har da duniyoyi, a kan rabin lilo, bayan shekaru kaɗan sababbin awo suka kauce wa hasashen gaba ɗaya.

Akwai kuma gwajin dorewa. Idan zagayen waje bai kai kusan ninki 5 na na ciki ba, tsarin ba zai zauna ba, ɗayansu zai fice; in zagayen wajen miƙaƙƙe ne ana bukatar ninkin da ya fi haka sosai. Sakamakon da ya karya wannan ƙa'ida kuskure ne.

Shaidu daga wani ɓangare

Na ukun yana ƙara haske da ba ya shiga husufi, don haka husufin ya fi yadda ya kamata rashin zurfi. Manhajojin PHOEBE da JKTEBOP suna da gurbin wannan haske na uku. Hattara dai: ƙara haske na uku da rage karkatar zagaye suna ba da kusan siffa ɗaya, sai an auna da tace biyu ko uku kafin a raba su. Idan lissafinka ya ce na ukun ya kai nauyin Rana 1.6 amma babu alamar haskensa, ko dai shi ma tagwaye ne na ƙananan taurari, ko gawar tauraro ce, ko kuma lilon ba nasa ba ne.

Rarraba hasken zuwa launukansa yana ba da shaida mafi ƙarfi: layuka na uku da ba sa bin kaiwa da komowar tagwayen, ko kuma matsakaicin gudun tagwayen yana sauyawa da zagaye ɗaya da na zanen O−C. A kundin Gaia, na'urar sararin samaniya da ta auna matsayin taurari, lambar da ake kira RUWE in ta haura 1.4 alama ce cewa tauraron yana rangaji a sama. Algol kuwa an ga ukun nasa ƙuru-ƙuru da na'urar CHARA da ke Dutsen Wilson a Kalifoniya.

Wata shaidar ita ce zurfin husufi ya riƙa canzawa cikin shekaru, domin na ukun yana karkata zagayen. SS Lacertae ya daina husufi gaba ɗaya wajajen 1950, HS Hydrae ma an bi shi yana raguwa shekaru da dama har ya kusa ɓacewa.

Idan husufin ya fi na tagwaye ɗaya

Wani lokaci zanen hasken yana ɗauke da jerin husufi biyu masu zagaye daban. Ka nemo mafi ƙarfi, ka naɗe bayanan a kan zagayensa, ka cire siffarsa, ka sake bincike a abin da ya rage, sannan ka koma ka gyara na farkon bayan cire na biyu. Sau biyu ko uku ana wannan kai da komo kafin su rabu tsaf. Idan babban husufi da ƙarami zurfinsu ɗaya, manhaja za ta ba ka rabin zagayen gaskiya, don haka kullum ka gwada ninki biyu. Husufin da ya faɗo a kan na ɗayan tagwayen a cire shi daga lissafin lokaci.

V994 Herculis, mai zagayen kwana 2.08 da 1.42, shi ne sanannen misalin taurari huɗu irin wannan. TIC 168789840, a rukunin Eridanus, wanda aka sanar a 2021, shida ne: tagwaye uku, kowanne yana husufi, da zagayen kwana 1.31 da 1.57 da 8.21.

Babban haɗari a nan shi ne cakuɗuwa. Fiksel ɗaya na TESS yana rufe sakan 21 na kusurwar sama, don haka tagwaye biyu da babu abin da ya haɗa su, ɗaya kusa ɗaya can nesa, suna iya faɗawa wuri guda. Ka ɗora taswirar Gaia a kan hoton, ka duba ko cibiyar hasken tana gusawa lokacin husufi, sannan ka kalli kowane husufi da madubin ƙasa don ganin wane tauraro ne ke dusashewa. A nan ƙaramin madubi yake da ranarsa, domin yana raba abin da TESS ya haɗe. Tabbacin cewa tagwayen biyu a ɗaure suke da juna shi ne zanen O−C na kowannensu ya yi lilo da zagaye ɗaya amma a saɓa, kuma rabon tsayin lilon biyu ya ba ka rabon nauyinsu kai tsaye.

Mafi daraja duka shi ne na ukun da kansa ya gifta gaban tagwayen ko ya ɓuya bayansu. Irin wannan husufin ba ya da siffa ɗaya, tunda kowane karo tagwayen suna wani matsayi daban. Manhajojin tsabtace bayanai sukan share shi a matsayin datti, shi ya sa ake duba ɗanyen zanen da ido. KOI-126, da aka bayyana a 2011, yana da zagayen ciki na kwana 1.77 da na waje 33.9, kuma daga siffofin husufinsa aka fitar da nauyin ƙananan taurarinsa biyu, 0.24 da 0.21 na Rana. A 2024 TIC 290061484 ya zo da zagayen waje na kwana 24.5, ya karɓe matsayin mafi gajarta daga Lambda Tauri, wanda ya riƙe shi tun 1956. Irin waɗannan ana warware su ne da lissafin da ke bin motsin taurarin uku mataki-mataki yana fitar da hasken da za a gani, a daidaita shi da zanen haske da lokutan husufi da gudun taurarin a lokaci guda.

Duk lokacin husufin da ka auna, ko bai nuna komai ba, ka miƙa shi ga AAVSO ko taskar Cek tare da sunan tacen, da hanyar da ka bi, da ma'aunin lokacin da ka yi amfani da shi, da ƙiyasin kuskurensa.